Yajin da Na Daka Maka

Ranuna, Madina

Zuwa ga ɗana Abdurrahman, wanda uwarsa da abokansa suka mayar Dahumi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sauke jirginku lafiya, Ya tsare ka gaba da baya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da sunanta kawai ka sani. Ummanka tana gaishe ka, ko da yake tun da aka sa ranar tafiyarka ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

Da gangan na rubuto maka da Hausa. Na san halinka. Da na zaunar da kai na faɗa da baki, da ka yi ta jero mini "abshir ya abuya, abshir ya abuya," wato "an gama, Baba" da Larabci, idonka na kan waya, in gama ban san ko kalma ɗaya ta shiga ba. Amma karatun Hausa wahala yake ba ka, sai ka bi shi a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Haka nake so ka karanta wannan.

Bari in fara da abin da ban taɓa faɗa maka ba saboda kada kanka ya kumbura. Ina alfahari da kai. Da wanke faranti ka fara a gidan abincin nan na titin Sultana inda na tsufa a gaban wuta, yau ga shi babban otel a Legas ya aiko yana neman ka riƙe masa wajen gashi gaba ɗaya. Ka tuna ranar da dattijon nan Basudane mai shagon turare ya kira ni ya ce, "Ya Habib, yau ka yi gashin da ba ka taɓa yin irinsa ba"? Kai ka gasa naman nan, ni kuwa na karɓi yabon kamar ni na yi. Na koma bayan murhu ina share ido, ka tambaye ni, na ce hayaƙi ne. Shekara nawa ina cikin hayaƙi, yaushe ka ga ya sa ni hawaye?

Abin da ya hana Ummanka barci ka san shi. Otel ɗin nan yana da mashaya, kuma a gefenta za su kafa maka murhu. Da ta yi maka maganar, sai ka ce, "Ya Ummi, ni ba sha zan yi ba. Nama kawai zan gasa, halas." Maganar nan tawa ce, haka na faɗe ta ina saurayi, har ɗaga kafaɗar iri ɗaya. Ba zan yi maka wa'azin haramcin giya ba, kai da ka yi karatu a garin Manzo ka fi ni sanin ayoyin. Kuma na yarda ba za ka sha ba. Amma an haife ka a garin da ba ka taɓa ganin mutum yana tangaɗi a kan hanya ba. Ni'ima ce babba, sai dai ta bar ka baƙo a wannan fanni. Ni kuwa na yi shekaru ina sayar da tsire a ƙofar mashaya, a wannan Legas ɗin da za ka. Ban taɓa kai kwalba bakina ba, amma na san wurin kamar yadda na san wuƙata.

Da na bar ƙauyenmu na ƙasar Katsina, inda na fara kafa tebur shi ne ƙofar wata Bayarabiya da ake kira Iya Bose. Tsakar gida ne a buɗe, ga itacen mangwaro, ga bencuna, iska na shiga tana fita. Tana dafa farfesu da shinkafa, kuma ba ta son mutum ya sha cikinsa babu komai. Rediyonta a ƙasa-ƙasa yake, mutane suna hira suna jin juna. Akwai duro na ruwa da moɗa a kai, kowa ya ɗiba. Ita kuma a bakin ƙofa take zama, tana ganin fuskar duk wanda ya shiga. Da ta ji harshen mutum ya fara nauyi, sai ta taso da kanta ta ɗauke kwalbar ta ce, "Baba, tashi ka tafi gida, matarka ta gama tuwo." Ko ya zaro kuɗi ba ta ƙara masa. Ba wanke sana'arta nake yi ba, abin da Allah Ya hana Ya hana. Amma duk zamana a wurin, jinin da na gani na rago ne kawai.

Ana nan sai aka buɗe wata sabuwar mashaya a tsallaken titi, mai fenti da fitilu ja da kore. Mai kula da ita, wanda kowa ke kira Manaja, ya zo ya ci tsirena ya ce in koma ƙofarsa. Na duba na ga can jama'a suka fi yawa. Na ce a raina giya dai giya ce, mashayi kuma mashayi ne, duk inda na tsaya ɗaya ne. Na naɗe tabarmata na tsallaka. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma irin na mai lissafi da ido ne, wanda ya ƙirga kawuna bai dubi gini ba.

Dahumi, kwalbar ɗaya ce, daga mota ɗaya ake sauke wa gidajen biyu. Mutanen ma su ne dai. Akwai wani kafinta mai fara'a da na sani tun wajen Iya Bose, ya sha ɗaya ko biyu, ya gaishe ni da "Aboki, sannu da aiki," ya tafi gida da ƙafafunsa. Shi ɗin ne dai na ga ana jan sa daga sabon wurin, rigarsa duk amai, yana zagin uwar wanda bai taɓa gani ba. Na daɗe ina mamakin abin da ya canza shi. Ashe ba shi ne ya canza ba, ɗaki aka canza masa.

Ɗakin nan ba taga ko ɗaya. In ka shiga da rana tsaka sai ka rantse dare ne, ba agogo a bango, ba abin da zai tuna maka cewa akwai duniya a waje. Kiɗa kuwa har a ƙirjina nake jin sa ina bakin titi. Kujeru 'yan kaɗan, jama'a tsaitsaye kafaɗa da kafaɗa, ga zafi, fanka tana juyi kamar ba ta ci abinci ba. Na ɗauka rowa ce ta hana shi gyara wurin. Wata rana na ce masa, "Oga, ka ƙara kujeru mana, ka rage kiɗan nan, mutane ba sa jin juna." Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. Ya ce, "Malam, kai nama ka sani. Mai zama hira yake yi, mai tsayuwa sha yake yi. In ba sa jin juna, me baki zai yi in ba sha ba?" Shi da kansa ya nuna mini sauran, yana fariya. Ya cire famfon da ke tsakar wurin don kada a sami ruwa kyauta. Yana karya farashi da yamma lis, daidai lokacin da ma'aikata suka taso ciki wayam, don kowa ya yi ta ɗura kafin kuɗin ya koma yadda yake. Yaransa kuma suna kwashe kwalaben da aka shanye nan take, kada mutum ya dubi gabansa ya ga yawan abin da ya sha ya tsorata.

Don haka in ka sauka, kafin ka hura wuta, ka je ka ga wurin da rana, ka tsaya ka dube shi yadda na koya maka duba rago kafin ka taya. Kada fenti ya ɗauke maka hankali. Ka ga ko iska na shiga, ko mutum na iya zama ya ji maganar na kusa da shi, ko ana ba da ruwa ba sai an roƙa ba. Ka lura da wanda ke riƙe da wurin, in akwai wanda yake iya ce wa mai kuɗi "ya isa." Abin da ka gani a nan shi zai gaya maka irin mutanen da za su riƙa fitowa ta gaban murhunka.

Kuskure na biyu a cikin sana'armu yake, shi ya sa ya fi tsaya mini a rai. Manaja ya lakaci yajina da yatsa ya ɗanɗana ya ce, "Ƙara gishiri. Ƙara barkono. Kuma ka riƙa yanka shi ƙanana." Na ce to, kowane gari da irin bakinsa, wataƙila haka mutanen kudu ke so. Na ƙara. Ciniki kuwa ya buɗe, har na fara jin kaina wani ne. Sai daga baya na gane cewa tsiren nan nawa ba ya ƙosar da kowa, ƙishi kawai yake tayarwa, kuma a ɗakin da aka cire famfo abu ɗaya ne ke kashe ƙishi. Ni da nake cewa nama kawai nake gasawa, ashe ni ma ina cikin kayan aikin gidan, kamar fankar nan da kiɗan. Ka riƙe wannan da kyau. Duk ranar da wanda ba ya tsayawa a gaban wuta ya zo yana koya maka yawan gishiri, ka tambayi kanka me yake sayarwa a bayanka.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ina da aboki a lokacin, ɗan garinmu, tela mai yawo da keken ɗinki a ka yana kaɗa almakashi unguwa-unguwa. Hannunsa na dama kamar an yi shi don zare, in ya yi maka ƙari a riga sai ka neme shi ka rasa. Ba ya sha, ba ya ko taba. Cutarsa ɗaya, ƙwallo. In ya taso aiki yakan zauna a bencina, sai ya riƙa jin ihu daga ciki in an ci, don akwai talabijin babba a ɗakin. Ya yi ta miƙa wuya kamar zakara. Tausayinsa ya kama ni, na ba mai tsaron ƙofa tsinke biyu na ce ya riƙa barin ɗan'uwana ya shiga ya yi kallo. Ni na buɗe masa ƙofar nan da hannuna, ina ganin alheri na yi.

Da lemo ya fara. Amma suna da wata al'ada a ciki, in ƙungiyarku ta ci sai ɗaya ya saya wa duk na kusa, in an ƙara ci wani ya rama. Ka san mu da kunya, a miƙo maka abu cikin murna ka ce a'a, sai ka ga kamar ka yi rashin mutunci. Ga zafi, ga tsirena mai gishiri a cikinsa, ga shi ba wanda zai ji bayaninsa cikin kiɗan nan ko da ya yi. Ya karɓa ya riƙe kawai. Wani makon ya kurɓa. Bai taɓa fita daga ɗakinsa da niyyar zuwa shan giya ba, kullum kallon ƙwallo yake zuwa, kuma da na yi masa faɗa abin da ya ce mini ke nan.

Wata Asabar da la'asar ana babban wasa, ɗakin ya cika har ba wurin sa ƙafa. Ƙofar baya Manaja ya sa mata sarƙa don kada wani ya sulale bai biya ba, saura ƙofa ɗaya da wani siririn lungu da ake bi zuwa bayi. A lungun nan wani ya taka wani, abin sha ya zube a riga. A gidan Iya Bose da "yi haƙuri" ta kashe maganar, amma a nan wa zai ji ta? Masu tsaron ƙofa kuwa don duka aka ɗauke su, ba don sulhu ba, suna shiga suka fara kai hannu. Ni dai na ji ƙarar fashewar kwalabe, sai jama'a suka yo waje gaba ɗaya, suka ture teburina, garwashi ya watse a titi. Can sai ga abokina ya fito yana riƙe da hannun damansa da na hagu, jini har gwiwar hannu. Da yana cikin hankalinsa da ya raɓe jikin bango, don shi ko kaza ba ya iya yi wa tsawa. Amma ya sha, sai ya ɗaga hannu zai kama wuyan wani ƙato, ƙaton kuma da fasasshiyar kwalba a hannunsa. A asibiti suka ɗinke, amma yatsu uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Ka san hannun nan, Dahumi. Tun kana ƙarami kake wasa da shi kana tambaya me ya sa yatsun ba sa rufuwa, yana ce maka aiki ne. Kawunka Sale ne, na shagon ɗinki a unguwar Anbariyya, wanda ya ɗinka maka kowace rigar salla tun ta suna. Ban yi niyyar kama sunansa ba. Asabar ɗin da ta wuce, mun fito daga masallacin Ƙuba bayan mun yi nafila, na gaya masa zan rubuta maka, zan ce wani abokina ne. Ya tsaya cak ya ce, "Wane irin wani abokinka? Habibu, ka sa sunana. In ka ce wani ne, yaron nan zai ɗauka wani sakarai ne can. Ka ce masa Kawu Sale ne, wanda ya koya masa alwala. In ta same ni, to, shi ma ya yi hattara." Wallahi ban taɓa ganin namiji irin Sale ba.

Kada ka kai kowa cikin mashayar otel ɗin nan, ko don kallo, ko don sanyi, ko don ya jira ka ka tashi. Kai ma in ka sami hutu kada ka huta a can. Wurin an gina shi ne don ya fi ƙarfin niyyar mutum, kuma waɗanda suka tsara shi sun fi ka sanin aikinsu. In rigima ta tashi, ka fara janye wutarka da wuƙaƙenka daga hanya, kada ka shiga rabon faɗan da akwai kwalba a ciki. Na san zuciyarka, irin ta uwarka ce, ba ka iya gani ka ƙyale.

Abin da ya biyo baya kuwa ba na jin kunyar faɗarsa ko a gaban wa. Washegarin faɗan nan na je na sami Manaja na gaya masa abin da ke raina da guntun Turancina da Hausa mai yawa, na tabbata ya fahimci ta Hausar ma. Na ɗauki teburina na koma tsallake. Iya Bose ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Aboki, ka dawo? Gishirin can ya ishe ka?" Ashe tsohuwar nan ta san komai tun farko. Na mayar da yajina yadda mahaifina ya koya mini, na koma yanka manya. Na sayi randa na ajiye kusa da tebur, na ƙara benci, na rataya fitila mai haske. Duk wanda ya fito daga can yana layi, in ya biyo ta wajena sai in zaunar da shi, in ba shi ruwa, in sa masa nama da burodi. Masu babur nakan karɓe makullinsu in jefa a aljihu, su zage ni iya son ransu, washegari su zo su karɓa suna sunkuyar da kai. Matar kafintan nan har gida ta aiko mini da abinci. Kada ka raina su, Dahumi, kada ka yi musu kallon ƙazanta. Da yawansu mutanen kirki ne da aka shigar ɗakin da ba taga.

Sale kuwa a ɗakina ya yi jinya. Ya koyi riƙe almakashi da hagu, yana yanka tsofaffin buhuna yana kuka yana sakewa, har hannun ya miƙa wuya. Bai ƙara kusantar ƙofar nan ba. Da Allah Ya buɗe mini hanyar zuwa nan na bar ƙofar mashaya har abada, kuma ban huta ba sai da na samo masa kafili, mai ɗaukar nauyin zuwansa, shi ma. Yau manyan mutane suna layi a kan ɗinkin mai yatsu bakwai.

Na gaya wa Ummanka na amince ka tafi. Ta ce, "Kai da ka ga abin da ka gani?" Na ce saboda na gani ɗin ne, kuma na san ɗan da na haifa. Amma ga sharaɗina. Ka nemi su kafa maka murhu a fili, inda iyali ke zama cin abinci. In sun ba ka zaɓi tsakanin kicin na ciki da gefen mashaya, ka ɗauki kicin ko albashin bai kai ba. In kuwa ka duba ka ga wurin irin na Manaja ne, ka tattara wuƙaƙenka ka tafi Kano wajen gwaggonka ka kira ni daga can. Ba wanda zai ce ka gaza. Mai hannu irin naka ba ya rasa wuta.

A ƙasan jakarka, cikin farar rigar da Kawunka Sale ya ɗinka maka ta tafiya, akwai gwangwani. Yaji ne. Ban bari Ummanka ta taɓa ba, ban kai inji ba, ni na daka shi a turmi har maƙwabcinmu ɗan Cadi ya leƙo yana tambaya ko biki ake yi. Ka ɗanɗana. Gishirin da ke ciki shi ne iya abin da nama ke bukata. Ka yi aiki da shi, amma ka rage kaɗan a gindin gwangwanin kada ka taɓa. Lokaci-lokaci ka lakaci naka ka lakaci nawa. Ranar da ka ji naka ya fi nawa gishiri, ka ajiye wuƙa ka zauna ka tuna wanda ya ce ka ƙara.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare hannuwanka biyu da yatsunka goma. Ya sa wutarka ta ƙosar da mutane, kada ta sa su ƙishi. Ya dawo mana da kai garin Manzo kana yadda ka tafi. In ka sauka ka kira Ummanka kafin kowa, kuma ka yi mata Hausa, ko ta huce.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habibu mai gashi